Kundin aiki: buɗe ginin ɗakin karatu ga masu naƙasa

4 ga Fabrairu

An kammala zagayen farko na awo. Ginin hawa biyu ne: a ƙasa akwai ɗakin karatu da kantar karɓar baƙi da banɗakuna, a sama kuma zauren taro. Ba daga bakin ƙofa aka fara awon ba. An fara ne daga inda mota take sauke mutum, aka bi tafiyar har kujerar karatu, daga nan zuwa banɗaki, sannan hanyar fita idan gobara ta tashi. Idan wuri ɗaya ya toshe a wannan tafiya, sauran gyaran bai amfani mai keken guragu da komai ba, domin ba zai kai gare shi ba. An yi zagayen tare da masu amfani da keke, da mai tafiya da sandunan dogarawa, da makaho mai farar sanda, da mai amfani da na'urar taimaka wa ji, kuma su za su gwada kowane gyara kafin a ce an gama shi.

Alƙaluman da za a bi an ɗauko su ne daga ƙa'idojin gini na 2010 da ke ƙarƙashin dokar ADA, dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1990, ana duba su da ISO 21542, ma'aunin duniya na gine-ginen da masu naƙasa za su iya amfani da su. Inda suka saɓa, za a ɗauki wanda ya fi sauƙaƙa wa mai amfani. Inda dokar gini ta wurin ta fi tsauri, ita za a bi.

Abin da aka samu a taƙaice: matakala uku a ƙofar shiga, kowace santimita 16, jimla santimita 48. Gefensu akwai wata tsohuwar gangara mai tsawon mita 2 kacal, wato kusan 1:4, santimita 1 na tsayi a kowane santimita 4 na tsawo. Mai keke ba zai hau ta da kansa ba, kuma in ya sauko ta kanta da wuya ya iya tsayar da keken kafin ya kai magudanar ruwa. Ƙofofi shida sun yi ƙunci. Babu banɗaki ko ɗaya da keke zai juya a ciki. Babu lif, wato na'urar hawa bene.

13 ga Fabrairu

An tsayar da zanen sabuwar gangara. Iyakar da ƙa'ida ta yarda da ita 1:12 ce, ma'ana kowane santimita 1 na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Da wannan lissafi santimita 48 zai ci mita 5.76. Amma 1:12 iyaka ce, ba abin da ake so ba ne, kuma mai raunin kafaɗa ko tsoho mai tura kansa yana shan wuya a kanta. An zaɓi 1:15, wato mita 7.2. Akwai wani dalilin kuma: kankare ba ya fitowa daidai da zane, in aka zana a kan iyaka, kuskure kaɗan ya isa ya fitar da aikin daga ƙa'ida.

Filin gaban ginin bai kai mita 7 ba, don haka gangarar za ta bi jikin bango ta karye gida biyu. Kowane ɓangare mita 3.6, yana ɗaga santimita 24, faɗinsa mita 1.2 tsakanin maƙamai. A mahaɗar akwai shimfiɗaɗɗen wurin hutawa mai zurfin mita 1.5 wanda faɗinsa ya haɗe ɓangarorin biyu. A sama ma, gaban ƙofa, sai an bar mita 1.5 a shimfiɗe bayan an cire inda ƙyauren ƙofa yake bi in an buɗe shi. Wannan shi ne wurin da aka fi mantawa. Gangarar da ta ƙare a jikin ƙofa tana tilasta wa mai keke ya saki taya ya kama ƙofa yana kan gangare, keken kuma ya koma da shi baya.

Ba za a rushe matakalar ba. Da yawa daga masu ƙafar roba da masu sandunan dogarawa sun fi samun sauƙin matakala mai maƙami mai kyau fiye da doguwar gangara.

27 ga Fabrairu

An zuba kankare a makon jiya, ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. An share fuskarsa da tsintsiya mai tauri tun yana ɗanye, layukan suna gitta hanyar tafiya, don ya samu kaushi. An ƙi shawarar sa tayil mai sheƙi. Yana da kyaun gani ranar buɗewa, amma da ruwa ya taɓa shi sai robar ƙasan sanda ta zame.

Awo bayan cire katako ya nuna matsala biyu. Ta farko, a gindin gangarar an samu tudu na santimita 3 tsakanin kankaren da ƙasar farfajiya, saboda farfajiyar ta fi yadda aka ɗauka kwari a wannan kusurwa. Santimita 3 ba komai ba ne ga mai tafiya da ƙafa, amma ƙananan tayoyin gaban keke suna cijewa a kansa, wanda ke kai kuma yana iya kifowa gaba. Ƙa'ida ta yarda da milimita 6 a tsaye, ko milimita 13 idan an sassabe bakin. Za a fasa farfajiyar mita ɗaya a sake zuba ta ta haɗu da gangarar ba tare da baki ba. Liƙa siririn siminti a bakin ba zai yi ba, domin yana ɓarewa cikin ɗan lokaci.

Ta biyu, ruwa yana kwanciya a wurin hutawa na tsakiya, don an shafe shi a miƙe sumul. Yana buƙatar ɗan karkata da bai wuce 1:48 ba zuwa waje. In ya wuce haka keke zai riƙa jan gefe ɗaya, mai tura kansa ya riƙa aiki da hannu ɗaya fiye da ɗayan.

Murfin magudanar da ke gaban gangarar ma za a sauya shi. Ramukan ƙarfensa santimita 3 ne kuma suna bin hanyar tafiya, daidai yadda tayar gaba ko bakin farar sanda zai faɗa. Sabon ba zai wuce milimita 13 ba, kuma dogayen ramukan za su gitta hanya.

10 ga Maris

Mai walda ya kafa maƙamai a ɓangarorin gangara biyu da na matakala. Tsayinsu santimita 90 daga ƙasa, cikin tazarar santimita 86.5 zuwa 96.5 da aka yarda da ita. Bututun mai kaurin santimita 4 ne, wanda hannu zai iya zagaye shi. Tsakaninsa da bango an bar santimita 5 don kada yatsu su gogu. An zarce da kowane maƙami santimita 30 a miƙe bayan ƙarshen gangara da matakala, aka lanƙwasa bakinsa ya koma jikin ginshiƙi don kada ya kama hannun riga ko igiyar jaka. Wannan zarcewar ita ke gaya wa makaho cewa hawa ya ƙare, ita ce kuma abin da mai raunin ƙafa yake riƙewa a takun ƙarshe.

An dawo da wani ɓangare an sake shi, saboda an liƙa ƙafafun riƙon a gefen bututun maimakon ƙasansa, hannu yana cin karo da su kowane mita. An kuma zuba ɗan dakali mai tsayin santimita 10 a gefen gangarar da ke buɗe, don taya ko sanda kada ta zame ta faɗa.

19 ga Maris

Ƙofofi. Faɗin da ake nema santimita 81.5 ne aƙalla, kuma ba faɗin ƙyaure ake aunawa ba. Ana buɗe ƙofar ne ta tsaya a kusurwa 90, a auna daga fuskar ƙyauren zuwa bakin firam na ɗaya gefen. Kaurin ƙyauren da hinji suna cinye santimita 5 zuwa 6. Shi ya sa ƙofar da kafinta ya kira ta santimita 85 ta ba da 79 kawai.

Huɗu daga cikin shidan irin waɗannan ne, kuma an gyara su ba tare da fasa bango ba, ta hanyar sa hinji mai lanƙwasa wanda ke fitar da ƙyauren gaba ɗaya daga bakin ƙofa in an buɗe. An samu ƙarin kusan santimita 4, suka koma 83. Sauran biyun masu ƙyauren santimita 80 ne, ko da sabon hinji ba za su kai ba, sai an faɗaɗa.

An cire duk mariƙan ƙofa masu dunƙule aka sa masu hannu, a tsayin mita 1. Gwajin mai sauƙi ne: in ba za a iya buɗe ƙofa da dunƙulallen hannu ko gwiwar hannu ba, mai ciwon gaɓɓai da wanda ya shanye ɓari ɗaya ba za su buɗe ta ba. Makullan juyawa na banɗaki ma haka.

Na'urar da ke mayar da ƙofa ta rufe kanta ta fi komai ba da wahala. An auna ƙarfin buɗewa da ƙaramin sikelin rataya, aka maƙala shi a mariƙi aka ja. Ƙofar ciki bai kamata ta wuce kimanin kilo 2.3 ba. Ta ɗakin karatu ta ba da fiye da ninki biyu. An sassauta ta, aka kuma rage saurin rufewa ta yadda za ta ɗauki aƙalla daƙiƙa 5 daga buɗe sosai zuwa dab da rufewa. Ƙofofin tare gobara ba a taɓa su ba tukuna, domin in an sassauta su fiye da kima ba za su datse ba. Za a sa masu maganaɗisu mai riƙe su a buɗe, wanda ke sakin su da zarar ƙararrawar gobara ta kaɗa.

Saura abu ɗaya. A gefen da ake jawo ƙofa, ana buƙatar fili na santimita 45 a gefen mariƙi, inda keke zai raɓe ƙyauren ya wuce. A ƙofar ɗakin karatu filin yana nan, amma an ajiye tukunyar fure a cikinsa. An ɗauke ta.

3 ga Afrilu

Banɗaki shi ne aiki mafi girma a hawan ƙasa. An rushe bangon da ya raba shi da ƙaramin sito, ɗakin ya koma mita 2.2 da mita 1.8, wanda ya ba da da'irar juyawa ta mita 1.5. An juya ƙofar ta koma buɗewa waje. In mutum ya faɗi a ciki jikinsa ya tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, ba yadda za a kai gare shi sai an ɓalle ta. Makullin kuma irin wanda ake iya buɗewa daga waje ne in ta kama.

Mazaunin masai yana tsayin santimita 46, cikin tazarar 43 zuwa 48.5, kusan daidai da mazaunin keke, don mutum ya zame daga wannan zuwa wancan ba hawa ba gangara. Tsakiyarsa santimita 45 daga bangon gefe. Ɗaya gefen an bar shi fili, nan keke zai tsaya. Mai aikin famfo ya so ya kafa kwanon wanke hannu a wannan filin don nan bututu ya fi kusa, aka hana. Kwanon yana bangon gefe, bakinsa santimita 80 daga ƙasa, ƙarƙashinsa a buɗe har santimita 68.5 don gwiwa ta shiga. An naɗe bututun ruwan zafi da ke ƙarƙashinsa. Mai lalurar laka sau da yawa ba ya jin zafi a ƙafa, yana iya ƙonewa bai sani ba. Gindin madubi yana mita 1 daga ƙasa.

Ƙarafan dafawa su ne suka ɗauki lokaci. Na gefe mai tsawon santimita 107, na baya santimita 92, duka a tsayin santimita 85. Ƙa'ida tana son kowanne ya ɗauki nauyin kilo 113. An fara kafa su da sukuru da robar toshe rami a jikin bulo mai rami, da aka rataya nauyi a gwaji sai na gefe ya fara motsi, filasta ta tsage. Bulo mai rami fatarsa siririya ce, ba ta da abin da za ta riƙe sukuru da shi in an ja da ƙarfi a kaikaice. An cire su, aka huda bangon ya ɓulle, aka zura dogayen kusoshi masu noti da farantin ƙarfe a bayan bangon. Ƙarfen dafawa da bai kafu ba ya fi rashinsa haɗari, domin mutum yana sakar masa nauyinsa duka.

An sa igiyar neman taimako ja mai zobe biyu, ɗaya a santimita 90, ɗaya a santimita 10 daga ƙasa, yadda ake yi a Birtaniya. Na ƙasan don wanda ya faɗi ne. An rubuta a jikin bango cewa kada a ɗaure igiyar sama, kuma an faɗa wa masu shara dalili, tunda su ne suke ɗaure ta in za su goge ƙasa.

15 ga Afrilu

An yanke ɓangaren kantar karɓar baƙi mai tsawon mita 1, aka sauke shi zuwa santimita 76 da fili a ƙarƙashi. An sauko da makunnan wuta zuwa mita 1.1. An cire kafet mai laushi na ɗakin karatu wanda taya ke nutsewa a ciki, aka buɗa tsakanin kantocin littattafai zuwa mita 1.2.

28 ga Afrilu

Wannan makon na masu lalurar gani ne, kuma yawancinsu ba makafi ba ne gaba ɗaya, suna ganin haske da bambancin launi. Barandar ginin kuwa fara ce fat: bango fari, ƙofofi farare, ƙasa mai haske. An yi wa firam ɗin ƙofofi fenti mai duhu, aka sa wa bakin kowace matakala layi mai faɗin santimita 5.5 mai launi dabam kuma mara santsi. Ƙa'idar Birtaniya tana neman bambancin maki 30 a ma'aunin hasken da launi ke mayarwa, wanda kamfanonin fenti da yawa suke rubutawa a takardar launukansu. Ja da kore suna iya bambanta a idon mai gani sosai amma makinsu ya zo kusan ɗaya, don haka da lambar ake zaɓe. Ƙofar gilashi ta samu layuka biyu masu launi, ɗaya daidai idon na tsaye, ɗaya daidai idon na zaune.

Farar sanda tana gano abin da ke ƙasa da santimita 68.5 ne kawai. Duk abin da ya fito daga bango sama da haka, har zuwa mita 2.03, bai kamata ya wuce santimita 10 ba. Tukwanen kashe gobara biyu da akwatin shawarwari sun karya wannan, an sauko da su inda sanda za ta taɓa. Ƙarƙashin matakalar bene ma a buɗe yake, mutum yana iya shiga ya buga kai, an kewaye shi da ƙarfe.

An shimfiɗa tubalan ƙasa masu alama, irin waɗanda Seiichi Miyake ya ƙirƙira a Japan aka fara shimfiɗa su a birnin Okayama a 1967. Iri biyu ne kuma ba a musanya su: masu ƙuraje suna cewa tsaya akwai haɗari, masu dogayen layuka suna cewa bi nan. A farfajiya an samu an jera masu layuka a gicciye, suna nuna bango maimakon ƙofa, saboda mai shimfiɗawa ya ɗauka ado ne. An tayar da su an gyara. An kuma rage yawansu a kan hanyar keke, domin girgizarsu tana damun masu ciwon baya.

Allunan ɗakuna suna bango a gefen mariƙi, tsakanin mita 1.22 da 1.52, da haruffa masu tudu da rubutun makafi na Braille. Ba a manna su a jikin ƙyaure ba, don kada a buɗe ƙofa a kan mai karantawa. An kai samfurin farko ga mai karanta Braille ya duba kafin a buga sauran, ya gano allo ɗaya da aka juya ɗigonsa sama a ƙasa.

12 ga Mayu

An gwada waya mai zagaye ta masu na'urar ji a zauren taro. Waya ce da ake kewaye ɗaki da ita, tana mayar da muryar makirufo ta zama maganaɗisu, na'urar kunne da aka juya makunninta zuwa T, wato yanayin karɓar saƙon wayar, ta ɗauka kai tsaye ba tare da hayaniyar ɗaki ba. A gefen zauren sauti yana fita, a tsakiya kuwa ya yi rauni ƙwarai. Rodin da ke cikin dakalin bene ne yake shanye ƙarfin. Ƙara murya ba zai gyara ba, sai dai ya sa na gefe su ji ƙara. Za a raba wayar zuwa ƙananan zagaye a ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa, a auna ƙarfinta da na'urar awo bisa IEC 60118-4, ma'aunin duniya na irin wannan waya. An sa ƙarama a kantar karɓar baƙi, ita tana aiki. An kuma matsar da fitilar da ke bayan ma'aikacin kantar, wadda take jefa fuskarsa cikin inuwa ta hana mai karanta leɓe gani.

Ƙararrawar gobara ta samu fitilu masu walƙiya a banɗakuna da ɗakin karatu, inda kurma zai iya kasancewa shi kaɗai. An daidaita su su yi walƙiya tare, sau 1 zuwa 2 a daƙiƙa, saboda fitilu masu walƙiya barkatai suna iya tayar wa masu farfaɗiya ciwo.

26 ga Mayu

Zagayen dubawa bayan ginin ya koma aiki ya nuna abin da awo ba ya kamawa. An ajiye babur a gindin gangara. An mayar da bokitai da tsintsiya filin da keke zai tsaya a banɗaki, aka kuma kulle banɗakin aka kai makullin ofishin sama, inda mai keke ba zai iya zuwa ba. An sa abin goge ƙafa mai kauri a bakin ƙofa, bakinsa yana naɗewa. An gyara duka, aka rubuta takardar dubawa ta kowace safiya mai layi takwas, aka ɗora ta a kan mutum ɗaya da aka ambata, ba a kan ma'aikata gaba ɗaya ba.

Hawan sama har yanzu a rufe yake ga mai keke. Injiniya ya duba inda za a iya huda dakali a sa lif mai ɗaki aƙalla mita 1.1 da 1.4, kuma wuri ɗaya ne kawai ba ya cin karo da ginshiƙi, sai dai zai cinye rabin ofishin ajiya. Tun ran gini ran zane: da an bar ramin lif tun farko, da aikin bai kai haka ba. Kafin a yanke shawara, duk taron da aka gayyaci jama'a za a yi shi a hawan ƙasa, an kuma daina ɗaukar mutum da kekensa a hau da shi matakala, domin yana da haɗari ga shi da masu ɗaukar, kuma ba wanda ya kamata ya shiga taro ta haka.

Ba za a sa hannu a zanen lif ba sai an tsara yadda mai keke zai sauko in gobara ta tashi, tunda lif na yau da kullum ba a shigarsa a lokacin. Ana buƙatar wurin jira mai kariyar wuta a saman matakala, da hanyar magana da ƙasa, da kujerar saukarwa, da mutanen da aka koya wa amfani da ita. Za a auna saman matakalar ranar 3 ga Yuni a ga ko zai ɗauki keke ba tare da ya tare masu saukowa ba.